Yadda Ake Buga Fallout, Wasan Kwamfuta Na 1997, A Wayar Android Ba Tare Da Intanet Ba

Darasin yau na masu son gem ne, musamman waɗanda tsadar data ta isa, ko suke zaune a inda sabis ke zuwa yana ɗaukewa.

Mutanen Zamfara sun san wannan matsala. A farkon watan Satumba na 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka kwashe makonni babu kira babu intanet. Duk wanda gem ɗinsa Free Fire ne ko PUBG Mobile, wayarsa ta koma tocila da agogo. Ko yanzu da layuka ke aiki, idan ka bar cikin garin Talata Mafara ka nausa ƙauyukan Bakura ko Maradun, akwai wuraren da sai ka nemi tudu kafin saƙo ya tafi.

Akwai wasannin da ba ruwansu da duk wannan, wato waɗanda aka yi wa kwamfuta kusan shekara talatin da suka wuce, lokacin da ake sayar da wasa cikakke a faifan CD. Babu talla a ciki, babu sayen lu'u-lu'u, ba ya neman intanet. Matsalarsu ɗaya ce: ba don waya aka yi su ba, wasu ma ko a kwamfutar yanzu sai an yi dabara. Za mu ɗauki ɗaya daga cikin fitattunsu, mu ga abin da ke hana shi tashi, sannan mu bi matakan tashinsa a waya.

Wane irin wasa ne Fallout?

Kamfanin Interplay na Amurka ne ya fitar da Fallout a 1997, ƙarƙashin jagorancin wani mai rubuta manhaja, Tim Cain. Yana cikin ajin da ake kira RPG, wato wasan da kake ƙirƙirar mutum ɗaya, ka zaɓa masa ƙarfi da wayo da sana'a, ka yi rayuwa a madadinsa. Abin da ka faɗa wa mutane da abin da ka aikata shi ke juya labarin.

Labarin yana faruwa a shekara ta 2161, bayan yaƙin nukiliya na 2077 ya ƙone duniya. Jama'arka suna zaune a wata mafaka ta ƙarƙashin ƙasa mai suna Vault 13. Sai ɗan ƙaramin na'urar da ke sarrafa injin tace ruwansu ta lalace, ruwan da ya rage na kwana 150 ne kacal. Kai aka zaɓa ka fita waje ka nemo wata. Wanda ya tashi a yankin da noman rani ya dogara da madatsar ruwa ta Bakolori ba ya buƙatar dogon bayani kan abin da ake nufi idan aka ce ruwan gari ya rataya a kan abu ɗaya.

Faɗa a cikin wasan bi-da-bi ake yinsa, kamar dara: ka yi naka motsi, abokin gaba ya yi nasa. Saurin yatsa ba ya ƙara maka komai, don haka ya dace da sikirin na taɓawa. Kuma yawancin matsaloli suna da mafita fiye da ɗaya: faɗa, ko lallashi, ko ciniki, ko sanɗa.

Me ke hana shi tashi a na'urorin yanzu?

Ba rashin ƙarfi ba ne. Abin da Fallout ya nema a zamaninsa shi ne furosesa Pentium mai gudun 90MHz da RAM 16MB. Waya mai RAM 4GB ta ninka wannan sau 256. Matsalar ta yare ce, kuma hawa uku gare ta.

Na farko, yaren furosesa. An rubuta wasan don furosesa irin ta Intel, wadda ke jin umarnin da ake kira x86. Wayoyinmu kuwa, Tecno ce ko Infinix ko itel ko Samsung, furosesar ARM suke ɗauke da ita, kuma umarninta daban ne gaba ɗaya. Idan ka ba waya fayil mai ƙarewa da .exe, daidai yake da ka karanta wa wanda Hausa kaɗai yake ji wasiƙar Sinanci.

Na biyu, babbar manhaja. Duk lokacin da wasa zai zana hoto ko ya fitar da sauti, roƙon babbar manhaja yake yi ta yi masa. Fallout ya san yadda ake roƙon DOS da Windows 95. Android bai san waɗannan kiraye-kiraye ba.

Na uku, sikirin. An zana wasan a kan faɗin fiksel 640 da tsayin 480, da launuka 256 kawai. Wannan tsohon tsarin launi ne ya sa a zamanin Windows 7 wasanni irinsa suka riƙa fitowa da launuka a hargitse kamar bakan gizo.

Yanzu ga abin da za ka riƙe daga wannan darasi ko da ka manta sauran. Kowane wasan kwamfuta kashi biyu ne. Akwai kaya: hotuna, taswira, sauti, kiɗa, da rubutun labari. Akwai kuma inji, wato manhajar da ke karanta kayan ta motsa su. Kaya ba sa tsufa, hoton 1997 hoto ne har gobe. Inji ne ke tsufa. Manomin fadama da injin ban-ruwansa ya mutu ba ya barin gona ko ya cike rijiya, wani inji yake nema ya ɗaura. Haka za mu yi.

Hanyoyi uku da ake bi

Hanya ta farko ita ce kwaikwayo. Manhaja irin DOSBox tana gina tsohuwar kwamfuta ta ƙarya a cikin na'urarka, har da furosesarta, sai wasan ya ɗauka a gida yake. Tana aiki, amma kowane umarni sai an juya shi kafin a aiwatar, wanda ke cin batir yana ɗumama waya. A zafin watan Afrilu na Mafara wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Hanya ta biyu ita ce tafinta. Winlator misali ne: ya haɗa Wine, mai fassara kiraye-kirayen Windows, da Box64, mai juya umarnin x86 zuwa na ARM. Yana tashin wasanni da dama, sai dai setinsa na da wahala, kuma ya fi jituwa da wayoyi masu furosesar Snapdragon. Yawancin wayoyin da ke hannunmu MediaTek ne ko Unisoc.

Hanya ta uku ita ce sabon inji. Wani mai rubuta manhaja, Alexander Batalov, ya warware injin Fallout kamar yadda bakanike ke kwance inji ya ga aikin kowane ƙarfe, sannan ya sake rubuta shi yadda zai yi aiki kai tsaye a Windows da Linux da macOS da Android da iOS. Sunan aikin Fallout Community Edition, a taƙaice Fallout CE. Kyauta ne, kuma kod ɗinsa a buɗe yake ga mai son dubawa. Tunda babu fassara a tsakani, ƙaramar waya ma tana ɗaukarsa ba tare da haki ba. Wannan hanyar za mu bi.

Abubuwan da kake buƙata

Fallout CE inji ne kawai, babu kaya a cikinsa. Kayan mallakar kamfanin Bethesda ne, wanda ya sayi haƙƙin Fallout a 2007, don haka sai ka mallaki wasan. Ana sayar da shi a GOG da Steam a kan kimanin dala 10, lokacin rangwame kuma yakan faɗo ƙasa da dala 3. An ma taɓa raba shi kyauta: GOG ya yi a Disamba 2013, Epic Games Store ya yi a Disamba 2022. Na GOG ya fi dacewa da mu, domin yana ba da fayil ɗin girkawa da za ka ajiye a filash, ka girka ko babu intanet. Kafin ka biya, ka tabbata katinka yana aiki a kasuwannin waje.

Sai ka tanadi waɗannan:

- Kwamfuta mai Windows, sau ɗaya tak za ka buƙace ta. Ta aboki ta isa, ko ta wani ɗan'uwa ɗalibi a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Abdu Gusau, ko ta shagon buga takardu.
- Wayar USB mai ɗaukar fayil, ko filash da mahaɗin OTG.
- Fili aƙalla 2GB a waya. Kayan wasan ba su kai 1GB ba, amma na ɗan lokaci za su zauna a wuri biyu.
- Data ta saukewa sau ɗaya. Tsarin data na dare ya wadatar.

Matakai

1. Girka Fallout a kwamfutar kamar yadda ake girka kowace manhaja, sannan ka buɗe foldar da ya sauka.

2. Ƙirƙiri sabuwar folda, ka sa mata suna fallout. Kwafo abubuwa uku ka zuba a ciki: master.dat, da critter.dat, da folda mai suna data. Ka haɗa da ƙananan fayiloli biyu na seti, fallout.cfg da f1_res.ini.

3. Duba sunayen da kyau. Windows bai damu da bambancin manyan baƙaƙe da ƙanana ba, amma tsarin da Android ya fito daga cikinsa ya damu. Idan ka ga MASTER.DAT, mayar da shi master.dat. Haka CRITTER.DAT da DATA.

4. Gyara girman sikirin tun kana kan kwamfuta. Bayaninsa na tafe a ƙasa.

5. Tura foldar zuwa wayarka, ka ajiye ta a cikin Download.

6. A GitHub, nemi ma'ajiyar alexbatalov/fallout1-ce, ka shiga sashen Releases, ka sauke fayil ɗin da ya ƙare da .apk. Daga nan kaɗai za ka ɗauko shi.

7. Buɗe fayil ɗin. Waya za ta nemi izinin girka manhaja daga wajen Play Store. Ka ba ta, idan an gama girkawa ka koma seti ka janye izinin.

8. Buɗe wasan. A karon farko zai nuna maka foldodin wayarka, sai ka zaɓi fallout ɗin nan. Zai kwafe kayan zuwa ma'ajiyarsa, ka ba shi kamar rabin minti zuwa 'yan mintuna gwargwadon ƙarfin waya. Kada ka fita kafin ya gama. Daga nan zai tashi da kansa.

Bayan ka tabbata komai na tafiya, kana iya goge foldar da ke cikin Download don ka samu fili. Amma ka bar kwafi a filash.

Daidaita sikirin

Idan ka bar shi a 640 da 480, hoton zai tsaya a tsakiya da baƙin fili hagu da dama. Idan kuma ka ba shi cikakken girman sikirin ɗin wayarka, rubutu zai koma kamar tururuwa. Mafita ita ce ka bar tsayi a 480, ka lissafa faɗin da ya dace da wayarka.

Lissafin: ɗauki babbar lambar sikirin ɗinka, ka ninka da 480, ka raba da ƙaramar. Waya mai 720 da 1600, irin da yawa daga cikin Tecno Spark da Infinix Hot, za ta ba ka 1067. Mai 1080 da 2400 ita ma 1067. Mai 720 da 1640 kuwa 1093.

Buɗe f1_res.ini da Notepad. A ƙarƙashin sashen MAIN za ka ga layuka biyu, ka mayar da su haka:

SCR_WIDTH=1067
SCR_HEIGHT=480

Dalilin yin wannan kafin buɗewar farko shi ne, tun daga Android 11 an taƙaita shiga foldar Android/data, inda manhajoji ke ajiye kayansu. Gyara fayil bayan an kwafe shi can yana da wuya daga cikin waya, sau da yawa sai an haɗa ta da kwamfuta.

Sarrafa shi da yatsu

An yi wasan don linzamin kwamfuta, don haka sikirin ɗinka zai yi aiki kamar faifan taɓawa na laftof. Ba inda ka taɓa ne ake dannawa ba, inda kibiya take ne.

- Jan yatsa ɗaya yana motsa kibiya.
- Taɓawa da yatsa ɗaya daidai take da dannan hagu.
- Taɓawa da yatsu biyu daidai take da dannan dama, ita ke sauya kibiya daga tafiya zuwa dubawa ko kai hari.
- Jan yatsu biyu yana gungura taswira da jerin kayanka.

Minti ashirin na farko za ka ji abin banbaraƙwai, bayan nan hannu zai saba. Mai mahaɗin OTG yana iya jona linzami na gaske.

Idan wani abu ya ƙi

Wasa ya ce bai ga master.dat ba: ko dai sunan da manyan baƙaƙe yake, ko kuma ka zaɓi foldar da ke sama da wadda fayilolin ke ciki.

Ya mutu yana cikin kwafe kaya: fili ne bai isa ba. Share wasu bidiyoyi, ka goge bayanan manhajar daga seti, ka sake.

Akwai sauti amma babu kiɗa: buɗe fallout.cfg ka duba layin music_path1, ka tabbata hanyar da aka rubuta ta yi daidai da inda foldar music take, kuma da ƙananan baƙaƙe.

Abu ɗaya da ba shi da magani: idan ka cire manhajar daga waya, duk ajiyar wasanka ta tafi tare da ita. Haka idan ka kai waya a yi mata filashin. Ka kwafe ajiyar zuwa kwamfuta tukuna.

Mai kwamfuta fa?

Nasa ya fi sauƙi. Na GOG da Steam an riga an gyara su don Windows na yanzu. Idan duk da haka yana maka gardama, sauke fallout-ce.exe daga ma'ajiyar nan, ka ajiye shi cikin foldar wasan, ka riƙa buɗe shi a madadin falloutw.exe.

Gargaɗi kan APK na bogi

Idan ka bincika sunan wasan za ka ci karo da masu cewa ga Fallout cikakke, kyauta, a APK ɗaya. Ka guje su. Ainihin Fallout CE ba ya zuwa da kayan wasa, don haka duk APK da ya zo da komai a ciki wani ne ya buɗe shi ya sake ɗaurewa, kuma ba ka san me ya cusa ba. Wayar da kake gem da ita ita ce ke ɗauke da manhajar bankinka, ita ce lambobin sirri ke shigowa ta saƙo. Wasan 1997 ba shi da abin yi da saƙonninka, ko lambobin mutanenka, ko izinin Accessibility mai ba manhaja damar ganin sikirin da danna maka abubuwa. Duk gem ɗin da ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan, goge shi nan take. Wannan ya shafi har wanda aboki ya turo maka ta Xender, domin shi ma bai san asalinsa ba. Garin neman gira kada a rasa ido.

Kafin ka fara bugawa

Wasan na manya ne. Akwai jini da ashar da shaye-shaye a labarinsa. A cikin seti akwai wurin rage nuna jini da na tace zagi, amma duk da haka kada a miƙa wa ƙananan yara. Akwai kuma wani sashe da ya kamata ɗan yankinmu ya sani tun da wuri: garin farko da za ka isa, Shady Sands, ƙauyen manoma ne mai gidajen ƙasa da 'yan fashin daji ke addaba, har sukan sace 'yar shugaban garin. Ga mutumin Maradun ko Bakura wannan ba tatsuniya ba ce. Ba dole ba ne a bi wannan sashe kafin a gama wasan, wanda abin ya taɓa shi yana iya wucewa.

Wasan da Turanci yake, kuma karatu ya fi harbi yawa a cikinsa. Ka ajiye ƙamus na waya wanda ba ya neman intanet a kusa.

Wajen ƙirƙirar mutuminka, za a ba ka siffofi bakwai, kowace daga 1 zuwa 10. Ka ba Agility maki mai yawa, don ita ke ƙayyade yawan motsinka a kowane zagayen faɗa. Kada Intelligence ta gaza 4, in ba haka ba mutuminka ba zai iya haɗa jimla ba, mutane su daina ba shi aiki. Cikin sana'o'i uku da za ka zaɓa, Small Guns da Speech da Lockpick sun ishi sabon shiga.

Wasan ba ya ajiye kansa. Gurabe goma gare ka, ka riƙa jujjuya su, musamman kafin faɗa da lokacin da batir ya yi ƙasa. Mayar da makami cikin jaka kafin ka shiga gari. Ka sayi igiya a Shady Sands kafin ka wuce Vault 15, za ka buƙace ta. Kuɗin wasan marafan kwalba ne, amma musaya ta fi tafiya, don haka kada ka raina tarkacen da ka tsinta. Ka kuma sa ido a kan kwanakin nan 150: tafiya a taswira tana cin kwanaki, ko da yake 'yan kasuwar ruwa na garin Hub suna iya ƙara maka kwana 100 idan ka biya su.

Bayan Fallout

Da zarar ka gane rabon inji da kaya, ƙofa ta buɗe. Fallout 2 na 1998 yana da nasa, fallout2-ce, matakansa iri ɗaya ne sai dai a ƙara patch000.dat. Akwai GemRB don Baldur's Gate na 1998, da OpenMW don Morrowind na 2002, da Daggerfall Unity don Daggerfall na 1996, wanda Bethesda ta mayar kyauta tun 2009. Kowanne sabon inji ne da ke karanta tsofaffin kaya, kowanne kuma yana da na'urorin da yake aiki a kansu, sai ka duba kafin ka kashe data.

Ga mai koyon rubuta manhaja kuma, kod ɗin Fallout CE da yaren C++ yake, a buɗe. Sauke shi sau ɗaya, ka nemi fayil ɗin da ke kula da faɗa, ka bi yadda ake lissafin ko harbi zai samu ko zai kuskure. Darasi ne da za ka iya karantawa ko babu sabis ko ɗigo. Sai mun haɗu a darasi na gaba, in sha Allahu.